Hasashen Gangare, Ruwan Tudu

Layi ɗaya ne tal, amma rediyo ta raba shi biyu. Ya faro daga bakin kwalta, can ƙasa inda motocin kasuwa ke tsayawa, ya yi ta hawa yana karkacewa tsakanin gidaje har ya ƙare a jikin dutse, inda ba mai wucewa sai awaki. A tsakiyarsa akwai famfon unguwa. Kullum da safe, idan mai karanta hasashen yanayi ta zo, sai ta kasa yankin gida biyu: ga abin da za a gani a kan duwatsu, ga abin da za a gani a gangare. Ba ta taɓa faɗin inda dutse ya ƙare gangare ya fara ba. Saboda haka mutanen layin suka yanke wa kansu hukunci: daga famfo zuwa sama 'yan tudu, daga famfo zuwa ƙasa 'yan gangare.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai dai mutanen layin suna da wata muguwar ɗabi'a. Kowa yakan saurari hasashen biyu, ya ɗauki wanda ya yi masa daɗi. Mai wanki ta zama 'yar gangare ranar da aka ce za a yi rana a gangare. Mai lambu ya zama ɗan tudu ranar da aka ce za a yi ruwa a tudu. Su suna kiran wannan dabara. Ba dabara ba ce, son zuciya ne, kuma hadari bai taɓa tambayar kowa ɓangaren da ya zaɓa ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa sauya sheƙa ba, shi ne Kafinta. Gidansa na can sama, saura gidaje kaɗan a taɓa dutse, kuma ba ya bari a manta. "Mu 'yan tudu," da haka yake buɗe baki ko da zancen gishiri ake yi. Iskarsu ta fi, ruwansu ya fi sanyi, ƙafarsu ta fi ƙwari. Mai Burodi, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda gidan burodinsa ke ƙasa da famfo kaɗan, shi ya laƙaba masa Sarkin Tudu. Kafinta bai ji haushi ba. Amsawa ma yake yi.

A yi masa adalci, ya iya aikinsa. Da wuya ka sami rufi a layin da babu ƙusarsa a jiki. Yana kuma da doka ɗaya da yake nanata wa duk wanda ya kira shi aiki: ba ya buɗe rufin da ba zai iya rufewa kafin la'asar ba. Yakan cire kwano kaɗan, ya gyara, ya kafa sabo, sannan ya matsa gaba. Masu gida su yi ta ƙorafin jinkiri, shi ko a jikinsa.

Amma ɗakin Inna, mahaifiyarsa, ya shekara da shekaru yana yoyo.

Akwai wani tsohon daro na ƙarfe, bakinsa duk ya lotsa, wanda ba shi da aiki a gidan sai tarar ruwan ɗakin Inna. Da hadari ya haɗo za ta jawo shi ta ajiye a ƙarshen gado. In ta yi magana, Kafinta ya ce, "Inna, da na gama aikin gidan wane." Gidan wane kuma ba ya ƙarewa. Mutum ya rufa wa duniya asiri ya bar uwarsa da daro, wannan abin kunya ne, ko wane ne ya yi shi.

Ranar da ɗigon ya bar ƙarshen gado ya koma daidai matashin kai, Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ƙulle tufafinta, ta ɗauki daron, ta sa aka kira Yaya, babbar 'yarta da ke zaune can cikin gari.

"Ranar da ka rufe ɗakin nan, ka aiko," ta ce masa a bakin ƙofa. "Da daron nan zan zo. Ɗigo ɗaya ya faɗa cikinsa, to ka yi sallama da ni. A gidan yayarka zan ƙare kwanana."

Yaya ta daɗe tana neman haka. Ta karɓi ƙullin kayan tana yi wa ƙanenta murmushin da ya fi mari ciwo.

Gidan ya yi wa Kafinta faɗi. Da sassafe ƙafarsa takan kai shi ƙofar ɗakin don gaisuwa, ya tarar da shi a rufe. Kujerar da Inna ke zama a ƙofar gida tana yi wa masu wucewa gyara ta koma wurin barcin kyanwa. Ba mai ce masa ya rame, ba mai ce masa hularsa ta karkace. Bai taɓa zaton zai yi kewar faɗa ba, sai ga shi yana yi. Ya auna ɗakin, ya sayo katako ya jingine a tsakar gida, ya zaɓi kwano a wani shago cikin gari, ya zauna jiran sanyi ya wuce, sama ta daidaita.

Wata safiya, shi da matarsa suna shan shayi a kicin, rediyo na kan taga, mai karanta hasashen ta ce yau za ta faɗi yadda ake sa ran farkon bazarar zai kasance gaba ɗaya. A gangare, in ji ta, za a samu makonni na rana da busasshiyar iska, ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. A kan duwatsu kuwa gari zai riƙa wayewa tas, amma kada hakan ya ruɗi kowa. Da rana ta karkata hadari zai riƙa haɗowa cikin gaggawa, da tsawa, wani lokaci da ƙanƙara, ƙoramu kuma za su cika. Ta shawarci masu aiki a waje su riƙa kammalawa da wuri.

Kafinta ya buga cinya har shayinsa ya zube.

"Kin ji? Makonni na rana! Gobe zan kware ɗakin Inna gaba ɗaya, in sauya katakon da ya ruɓe, in rufe a yini guda."

Matarsa ta ajiye buta ta dube shi. "Baban yara, wanne ka saurara?"

"Wanda aka faɗa."

"Biyu aka faɗa. Na rana na 'yan gangare ne."

"To mu a ina muke? A ƙololuwa muke? Dutse ai yana can sama inda babu gida. Nan gindin dutse ne, gindin dutse kuwa gangare ne."

"Ikon Allah! Tun da na shigo gidan nan nake jin mu 'yan tudu, mu 'yan tudu. Yau kan kofin shayi an sauko da gidan ƙasa da famfo? Ni ko motsinsa ban ji ba."

"Ke dai tsiyarki musu."

"Dokarka fa? Ta la'asar?"

"Doka don ranar shakka aka yi ta. Gobe babu shakka."

Gaskiyar magana, ɗoki ne ya kama shi. Yana son uwarsa ta dawo, kuma yana son ta dawo yanzu. Niyyar tana da kyau, ba wanda zai musa. Amma ya yi abin da ya daɗe yana raina maƙwabtansa a kai: ya tsinci hasashen da ya yi masa daɗi ya zubar da wanda aka yi dominsa.

Ya kira Direba, mai motar ɗaukar kaya ta shagon, ya ce a kawo kwanon gobe. Direba ya ce da safe yana da wasu wuraren, sai dai bayan azahar. Kafinta ya ce ba komai, rana ce har dare. Ya kira Yaya ya ce ta kawo Inna jibi.

"Jibi?" in ji Yaya. "Kai ɗin? Sai na gani."

Washegari gari ya waye tas, kamar yadda aka faɗa wa ɓangarorin biyu. Kafin hasken rana ya sauka cikin kwari Kafinta ya hau tsani. Tsofaffin ƙusoshi suka riƙa fita suna kuka, kwano bayan kwano yana zamewa ƙasa, tsatsa ta cinye shi har ana hango haske ta jikinsa. Daga kan rufin ana ganin gangaren duka: gonaki kore shar, kwalta ta yi siriri kamar zare, hayaƙin gidan burodi yana tashi a miƙe don babu iskar da za ta karkata shi. Ƙamshin ɗanyar ciyawa yana saukowa daga dutse. Kafinta ya kama fito, abin da rabonsa da shi tun tafiyar Inna.

Kafin hantsi ɗakin ya zama bango huɗu da sama. Rana ta shiga kusurwoyin da ba ta taɓa leƙawa ba. Matarsa ta fitar da katifa da akwati da duk abin da zai ɗauku. Gadon kaɗai aka bari, domin marigayi mahaifin Kafinta a cikin ɗakin ya haɗa shi, ya fi ƙofar faɗi, bai taɓa fita ba.

Ya cire ruɓaɓɓen katako ya kafa sabo, zarto na ci, guduma na amsawa. Zuwa azahar ƙashin rufin ya tsaya cak, ba abin da yake jira sai kwano. Ya ɗaga kai, sama shuɗiya, ko tsinken gajimare babu.

"Maman yara! Ina hadarin naki?"

"Ba nawa ba ne, na rediyo ne," ta amsa daga tsakar gida. "Ni shanyata ma tun ɗazu na kwashe."

Abin da ya manta, shi da aka haifa a wurin, shi ne wanda ya jingina da dutse ba ya ganin abin da ke haɗuwa a bayansa.

Wayarsa ta yi ƙara. Direba ne.

"Kafinta, ga ni a famfo. Zo ka karɓi kayanka."

"Famfo kuma? Gida na ce."

"Sauko dai."

Ya sauka yana mita. A famfo ya tarar da motar a tsaye, mata na ɗiban ruwa, Mai Burodi na ƙofar shagonsa hannuwansa fari fat da fulawa. A gaban motar kuwa, kusa da Direba, Inna ce zaune da daro a kan cinya, Yaya na gefenta.

"Inna! Ai gobe aka ce a kawo ki!"

"Na ji motar kwano za ta hau, na ce a taho da ni," in ji Inna. "Labarin aikinka na sha shi a bakin mutane. Ganinsa ne ban taɓa yi ba."

Direba kuwa ya riga ya fara kwance igiya.

"Daga nan ba zan ƙara gaba ba. Sama da famfo laka ce zalla. In ruwa ya same ni a can, da baya motar nan za ta sauko, sai dai a ciro ta daga cikin gidan burodi."

"Wane ruwa? Rediyo ta ce makonni na rana!"

"A gangare ta ce. Juya ka duba."

Kafinta ya juya. Daga nan ƙasa ana ganin abin da ke bayan dutsen. Hadari ne baƙi ƙirin, ya tokare sama, yana kumbura kamar kwaɓin burodi, walƙiya na wasa a ƙarƙashinsa. Amma bakin da ya saba musu ba ya rufuwa nan take.

"Ai... ai mu ma gangare ne."

Mai Burodi ya dafe ƙirji, ya bar shatar fulawa a rigarsa.

"Jama'a, ku fito ku ji! Sarkin Tudu ya yi murabus! Don Allah maimaita, matata tana ciki ba ta ji ba!"

Matan famfo suka fashe da dariya, har wata ta zubar da ruwanta. Inna kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Ka buɗe ɗakin?"

"Na buɗe, Inna."

"Duka?"

"Duka."

"Gadon ubanka na ciki?"

Ya sunkuyar da kai.

"Inna, ba sai mun sauka ba," in ji Yaya. "Yanzu Direba zai juya, mu koma abinmu."

Inna ta buɗe ƙofar motar da kanta. "Ganin aiki na zo," ta ce. Ta sauko, ta saƙale daron a hammata, ta kama hawa a hankali. Dole Yaya ta ɗauki laimarta ta bi ta.

Aka bar Kafinta da tulin kwano a gefen famfo. In shi kaɗai ne zai riƙa ɗauka yana hawa, kafin ya kai rabi ruwa ya gama da gado, ya gama da daro, ya gama da zaman Inna a gidansa. Hanya ɗaya ta rage, kuma ita ce wadda mai girman kai ya fi tsana. Ya taka zuwa ƙofar gidan burodi.

"Mai Burodi," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ina neman taimako."

"Wa ke nema? Ɗan tudu ko ɗan gangare? Don in san da wa nake magana."

"Ɗan Inna."

Dariyar ta bar fuskar Mai Burodi. Ya dubi tsohuwar da ke hawa da daro, ya dubi hadarin. Ya goge hannu a riga.

"To wannan ya wuce wasa."

Ya fito tsakiyar layi ya kwarara murya: "Duk wanda ya san ƙusar mutumin nan ce ke riƙe da rufinsa, ya fito! Ɗakin Inna a buɗe yake!"

Aka fito. Tela ya fito da tef ɗin awo a wuya. Mai aski ya fito, wanda yake yi wa askin ma ya biyo shi da rabin kai a aske. Mai lambu ya jefar da fartanya. Matan famfo suka jingine bokitai. Direba ya mayar da motarsa bakin kwalta, sannan ya dawo a ƙafa yana cewa motarsa ce ke tsoron laka, ba shi ba. Mutum biyu kwano ɗaya, ɗaya gaba ɗaya baya, aka ja layi ana hawa, kwanon na walƙiya a rana yana rugugi a kan kawuna.

'Yan gangare ba su saba da wannan hawan ba. Kafin a yi nisa an fara haki.

"Wannan ce iskar da kake yabo, Sarki?" in ji Tela. "Ni ban ga iska ba, numfashina ma ƙwace shi ake yi!"

"Ku yi haƙuri, 'yan gangare," wata tsohuwa 'yar tudu ta faɗa daga ƙofarta. "Ƙafa ce ba ku da ita!"

"Baba, in muka ajiye kwanon nan, ke za ki ɗauka?" in ji Tela.

Aka yi ta jifan juna da magana ana dariya, kwano bai tsaya ba.

Kafinta ya riga kowa isa, ya haye tsani. Ya leƙa cikin ɗakin. Inna ta sa an mayar da katifa kan gado. Tana zaune a tsakiyarta, ta miƙe ƙafa, daron na kan cinyarta, ta ɗaga kai tana kallonsa ta tsakanin katako.

"Inna, don Allah ki koma ɗakinmu kafin in gama."

"Yi aikinka. Ni a ɗakina nake."

Ya kafa kwanon farko. Matarsa na kan tsani tana miƙo ƙusa, maza na miƙo kwano daga ƙasa. A nan ne hannunsa ya nuna shekarun da ya yi a sana'ar. Ƙusa ba ta karkacewa, guduma ba ta kuskure, kowane kwano ya hau bakin ɗan'uwansa daidai. Duk wanda ya kafa, wani yanki na sama ya ɓace wa Inna.

"Wancan ya karkace," ta ce.

"Bai karkace ba, Inna."

"Hularka nake nufi."

Ya gama ɓangare ɗaya ke nan rana ta ɓace. Hadarin ya haye dutsen, ya zubo musu a kai. Iska ta taso mai sanyi, ta shiga ƙarƙashin kwanon da ba a kafa ba ta ɗaga shi kamar takarda. Kafinta ya danne da gwiwa, amma ba zai danne ya buga a lokaci guda ba.

"Ina buƙatar mai nauyi a nan!"

Duk idanu suka koma kan Mai Burodi.

"Ni? Wallahi ko kan kujera na hau jiri nake ji!"

"Burodin da ka ci yau zai yi amfani," in ji Direba. Aka tura shi tsani. Ya hau yana salati, ya zauna dirshan a kan kwanon, ya runtse ido. Kwanon bai sake motsi ba.

"Matsa hagu," in ji Kafinta. Ya matsa da gindi. "Ƙara." Ya ƙara. Haka suka ci ɓangare na biyu, ɗaya na buga ƙusa, ɗaya na ja da gindi yana roƙon Allah ya sauke shi lafiya.

Tsawa ta fashe a kan dutsen har bango ya amsa. Saura abu ɗaya: dogon kwanon da ke hawa tsakiyar rufi ya haɗe ɓangarorin biyu. Kafin a kafa shi akwai tsaga a buɗe daga wannan bango zuwa wancan, kuma tsagar ta bi daidai ta kan gadon. Ana miƙo shi, ɗigon farko ya sauka a bayan hannun Kafinta, mai kauri, mai sanyi. Na biyu ya buga kwano. Na uku ya gan shi da idonsa ya shige tsagar.

Bai tsaya ba, don tsayawa ba ta da amfani. Amma zuciyarsa ta riga ta karye. Yana buga ƙusa yana kasa kunne, yana jiran ƙarar da ya sani tun shekaru, ƙarar ɗigo a ƙarfen daro. Sai ya ji wata ƙara daban, taf, taf, kamar a kan yadi. Ya leƙa ta ɗan abin da ya rage na tsagar. Bai ga Inna ba, bai ga daro ba. Baƙar laima ya gani a buɗe a kan gadon, da hannun Yaya riƙe da ita.

"Ke, wa ya sa ki?" ya ji muryar Inna.

"Laimata ce, inda na ga dama nake buɗe ta," in ji Yaya. Sannan ta ɗaga murya: "Kai kuma kallon me kake yi? Buga mana, hannuna ya gaji!"

Ya buga. Ƙusar ƙarshe na shiga, sama ta ɓalle. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ga ƙanƙara ta biyo baya tana tsalle a kan sabon kwano. Aka sauko da Mai Burodi da ƙyar, aka ruga cikin gida gaba ɗaya, 'yan tudu da 'yan gangare, aka cika kicin da baranda da ƙofar ɗakin Inna. Ba mai jin maganar wani saboda rugugi, amma kowa magana yake yi.

Kafinta ya tsaya a bakin ƙofar, jiƙe sharkaf, bai yarda ya shiga ya ɗiga a ɗakin ba. Yaya ta rufe laimar. Inna ta bi rufin da kallo, kusurwa zuwa kusurwa, ba gaggawa. Ta jira ruwan ya ƙara ƙarfi. Ta ɗauki daron ta kai shi ƙarshen gado, ta jira. Ta mayar da shi daidai matashin kai, ta jira. Sannan ta shafa cikinsa da tafin hannu, ta ɗaga hannun kowa ya gani. A bushe yake ƙayau.

Matan suka yi shewa har ta rinjayi ƙanƙara.

Kafinta ya dubi yayarsa. "Yaya, na zaci so kike ta zauna wurinki."

"Da ina so," in ji Yaya. "Amma tun da ta je, kullum tana bakin taga tana kallon dutsen nan. Ga shi ta ƙwace mini kicin, ta sauya wa kowace tukunya wurin zama, mijina ma ta ce bai iya tafiya ba. Riƙe kayarka, na yafe."

"Ai bai iya ba," in ji Inna. Ta juya kan ɗanta. "Kai kuma zo nan. A gaban mutane nake tambayarka. Tudu kake ko gangare?"

"Tudu, Inna."

"Kullum, ko sai ranar da ya yi maka daɗi?"

"Kullum."

"To ka riƙa sauraron naka. Matar rediyo ba ta yi maka ƙarya ba, kai ka yi wa kanka. Je ka sauya riga, ka rame."

Bai san lokacin da dariya ta ƙwace masa ba, ido na kawo ruwa. Ba wanda ya gane, don fuskar tasa dama a jiƙe take.

Matarsa ta ɗora babbar buta. Matar Mai Burodi, wadda ta biyo ayarin da tire a ka, ta yaye ledar da ta rufe shi, ƙamshin burodi mai zafi ya cika gidan. Aka ci aka sha a tsaye, kofi ɗaya na zagaya mutum uku. Mai rabin aski ya ce daga yau haka zai bar kansa, gefe ɗaya tudu, gefe ɗaya gangare. Mai Burodi, da ya dawo hayyacinsa, ya riƙa ba da labarin hawansa, kuma duk maimaici sai rufin ya ƙara tsawo.

Kafin la'asar ta yi sanyi hadarin ya wuce, rana ta fito tana sheƙi a kan jiƙaƙƙen kwano. Kafinta ya raka 'yan gangare, ana takawa a hankali saboda santsi, ruwa na gudu a gefen layi da 'yan ƙanƙara a ciki. Suna isa famfo suka tsaya. Daga nan zuwa ƙasa ƙura ce a kwance, sai 'yan ɗige-ɗigen da suka bar tabo. Bokitan matan na nan inda aka jingine su. Shanyar Tela ta bushe a kan igiya.

"Ka gani, Sarki?" in ji Mai Burodi. "Makonni na rana. In kana so ka dawo nan, akwai ɗaki a bayan murhu."

"Riƙe ranarka," in ji Kafinta. "Mu 'yan tudu..."

Ba a bari ya ƙarasa ba.

Da ya koma gida ya tarar an kori kyanwa daga kujera. Inna na zaune a ƙofar gida, tana gaya wa mai lambu cewa ya riƙe fartanya kamar ba ya son ta. Daron na gefenta, matarsa ta cika shi da ƙasa, za a shuka na'a-na'a a ciki.

"Ɗakin ya yi, Inna?"

"Ya yi shiru da yawa," ta ce. "Na saba da ɗigon nan. Ban san yadda zan yi barci ba."

Mutanen layin ba su daina ɗabi'arsu ba, kada wani ya yi zaton haka. Washegari ma mai wanki 'yar tudu ta baza shanya da azahar saboda an ce rana a gangare, ta kuma kwashe ta a jiƙe. Kafinta dai, da mai karanta hasashen ta zo kan duwatsu, ya ƙara wa rediyo murya ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ɗauki gudumarsa, ya tsaya a ƙofar ɗakin da yanzu yake a buɗe, ya durƙusa ya gaida uwarsa.